Daga Famfo Sai Gidaje

Ban taɓa zuwa Badun ba. Iyakar tafiyata Sakkwato, ita ma rakiyar asibiti ce. Amma da za a sauke ni yau bakin Sabo, unguwar Hausawan Badun, ina jin zan kai kaina har famfo ban tambayi kowa hanya ba.

Kakata ce ta koya mani, Inna Batula, wadda ta haifi Ummata. A Kebbe take. Tun da na gama sakandare a Tambuwal Umma ta tura ni wurinta, don ƙafafunta sun fara kumburi, ko bayan ɗaki sai an kama ta. In munka zauna ɓarar gyaɗa ba ta da hira sai ta Badun, inda ta yi zaman farkon aurenta, lokacin da kakanmu Ɗanmaliki ke fataucin goro.

Kullum hanya ɗaya take bi. Ta fito wurin masu goro a Sabo, ta gangara. Hannun dama akwai silima, wadda suke ce ma Mai Zaki saboda zanen zakin da ke jikin bangonta. Silimar ba ta da rufi. Inna ba ta taɓa shiga ba, ta ce ba ta da buƙata, don in anka fara waƙar Indiya har tsakar gidansu ake ji, ihun 'yan kallo kuma shi ke gaya masu an soma dambe. Gaba kaɗan layin maƙeran zinari, masu hura wuta da ɗan bututu a baki. Sai coci mai agogo, wanda matan unguwa ke ɗora tukunya da ƙararrawarsa, Musulminsu da Kiristansu. Sai wata gangara mai santsi. Sai famfo, inda ake jera bokitai ana faɗa da yare kala-kala.

"Daga famfo fa, Inna?"

"Daga famfo sai gidaje."

Sai ta ce in miƙo mata faifai, ko in duba ko awaki sun shiga madafa. Na yi wannan tambayar tun ina ƙarama har na gaji, amsar ba ta taɓa canzawa ba.

A Badun ta haifi ɗan farinta, Kawu Maccido. Da mahaifin Kaka Ɗanmaliki ya rasu, gonaki da shanu sunka dawo hannunsa, sai sunka tattaro sunka dawo Kebbe, anka bar yaron wurin yayan Kaka, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Can ya girma, ya koyi ɗinki, ya auri Bayarabiya. Inna ba ta faɗar sunansa. Ba ta tambayarsa, ba ta amsa gaisuwarsa gaban mutane. Haka matan zamaninsu ke yi ma ɗan fari, alkunya ce, kuma Inna ta riƙe tata da ƙarfi. Akwai wani mahauci a kasuwar Kebbe mai sunan Kawu, shi ma albarkacin sunan bai taɓa jin ta kira shi ba, sai dai "kai mai wuƙa".

Zuwan Kawu na ƙarshe shi ne rasuwar Kaka. Ina firamare lokacin, amma na gani. Ya durƙusa bakin ƙofarta, matarsa na bayansa, ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya. Inna ta juya fuska bango, ta ce a kori kajin can daga shanya. Tun daga nan yana aiko da saƙo, yana kiran Umma a waya, amma ƙafarsa ba ta sake taka Kebbe ba.

Bana sai ga ɗiyarsa Hafiza an turo ta bautar ƙasa Tambuwal, wata makarantar 'yan mata. Gidanmu ta sauka. Ranar da na shigo karɓar ma Inna magani na ishe ta tsakar gida da wandon kaki, tana faɗa da murhu.

"Ke ce Raliya? 'Yar ƙauyen da ake ba ni labari?"

"Ni ta. Ke kuma Bayarabiyar da ba ta iya hura wuta ba."

Taubasai muke, ita ɗiyar namiji ni ɗiyar mace, don haka ba wanda ya hana mu. Na karɓi mafici na gyara mata itacen. Kafin ruwa ya tafasa ta gaya mani abin da ko Umma ba ta gaya ma ba.

Kawu ba shi da lafiya sosai. Ciwon suga ya taɓa mashi ƙafa, doguwar tafiya a mota wahala ce gare shi. Ranar da zai sa ta mota ya ja ta gefe ya ce: ki je ki gaida tsohuwa. In ta tambaye ni, ko da kalma ɗaya, ki kira ni, zan zo ko da rarrafe. In ba ta tambaya ba, kada ki ce mani komai, na gane.

Na ce, "Ai ba ta tambaya. Ɗan fari na."

"Ya sani. Ya ce ya sani a ka. Amma shi bai tashi nan ba, bai ga ana yi ma kowa haka ba. Abin da ya gani, uwarsa ta zaɓi kaji a kansa gaban matarsa. Mamata har yau in ta tuna sai ta yi tsaki."

Ni na san yadda numfashin Inna ke yi da asuba, na san kumburin ya wuce gwiwa. In Kawu bai zo bana ba, ban san ko akwai baɗi ba.

Ranar Asabar munka shiga motar Kebbe. Gero ya yi kai ko'ina, ya sunkuya, tsuntsaye na ta sauka. Hafiza na ta ɗaukar hoto tana tambayata wanne ne gero wanne ne dawa, direba na dariya.

Inna na zaune bakin ƙofa kan tabarma da munka shiga. Ta kare ido da hannu ta dube ta tun daga takalmi har hula.

"Wanga sojan fa? Yaƙi anka soma ban ji ba?"

"Ina wuni, Inna. Hafiza ce."

"Na san ko wa ta. Matso in ga haƙoranki. To, ba laifi. An dai hana ki abinci, wuya awa na zalɓe."

"Ke ma ai ba ki ƙoshi ba, tsohuwa. Ƙafa ce kawai ta yi ƙiba."

Inna ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar na manta. Ta sa na dama fura da nonon da wata mai talla daga ƙauyen Fakku ta kawo da safe, ta tsare Hafiza sai da ta shanye. Sannan ta gyara zama.

"Mai Zaki tana nan?"

"Wace ce Mai Zaki?"

"Silima. In kin gangaro daga masu goro, hannun dama."

Hafiza ta yi tunani. "Wannan dogon ginin mai tagogi can sama? Ai coci ne, Inna. Tun kafin a haife ni. Sun yi mashi rufin kwano, sun sa lasifika. Ni ban ma san silima ce da ba."

"Coci." Inna ta jinjina kai. "To zakin fa?"

"An shafe da fenti. Amma in anka yi ruwa sosai akwai wani abu kamar wutsiya da ke fitowa a bangon. Muna yara muna cewa maciji ne."

"Wutsiyatai ta. Da ma ta fi jikin girma, mai zanen bai iya ba."

Haka sunka ci gaba. Maƙeran zinari sun watse, masu gyaran waya ne a layin yanzu, saura tsoho ɗaya da ke huda kunne. Coci mai agogo yana nan, amma agogon ya tsaya, shaguna sun rufe gabansa har sai ka ɗaga kai kake ganin hasumiyar. Ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa, ina ji ana rushe mani garin da na hardace ana gina wani. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Ashe gari ma yana tsufa ya canza kama, sunan da mutane sunka sa mashi ya mutu tare da su.

Sai tambayoyin Inna sunka fara sauka gangara.

"Gangarar nan, an zuba mata kwalta, ko tana nan da santsinta?"

"An yi mata siminti."

"Mai ciwon ƙafa shina iya hawa?"

"In ya bi a hankali."

"Akwai mai kemis kusa, ko sai an hau sama?"

"Akwai, jikin coci."

"Lambatun da ke cika in an yi ruwa, har ya shiga gidajen ƙasa, an gyara?"

"Yana dai shiga wani lokaci."

"Famfo fa?"

"Ya daɗe da mutuwa. Kututturen simintin kawai ya rage, wata mata na gasa masara a wurin."

Hafiza ta dube ni, ta gyara murya.

"Inna, Baba yana gaishe ki. Ya ce in gaishe ki da kyau."

Inna ta juya kai wajen rumbu. "Raliya, kajin can za su ƙare mani gyaɗa kina kallo."

Babu kaza ko ɗaya kusa da gyaɗar. Na tashi dai na kaɗa hannu.

Hafiza ta ishe ni bayan madafa ina wanke ƙwarya. Idonta ya yi ja.

"Kin ji ko? Ta tambayi zaki. Ta tambayi lambatu. Famfon da ya mutu ma ta tambaya. Mutumin da ta haifa kuma, kaji. Gobe da safe zan koma, kuma ba abin da zan ce mashi, kamar yadda ya ce."

Na ci gaba da cuɗa ƙwaryar. Wani abu ke yi mani yawo a ka tun ɗazu. Ban taɓa gaya ma Inna Kawu na ciwon ƙafa ba. Umma ma ba ta faɗa mata, don ba a kawo mata zancensa. Sai na tuna duk ranar da Umma ta zo Kebbe, in wayarta ta yi ƙara ta ce "Yaya", Inna kan ce zafi ya ishe ta a ɗaki, a fito da ita. Ta zauna ta ba Umma baya, tana tsintar wake, wake ɗaya a hannunta har a gama wayar.

Na ce, "Hafiza, in kin wuce famfo mi ke gaba?"

"Gidaje."

"Gidan wa?"

"Namu ne na farko, mai matakala. Me ya sa?"

"Nan Kawu yat tashi?"

"Nan aka haife shi ma, in ji shi. Bai taɓa barin gidan ba."

Na ajiye ƙwaryar. Na gaya mata tun ina ƙarama Inna ke bin wannan hanyar, kullum daga masu goro, kullum ta tsaya a famfo. Badun gari ne babba, ta zauna cikinsa shekaru, amma ban taɓa jin ta bi wata hanya ba sai wadda ke kai wa ƙofarsu. Na ce ta sake tuna tambayoyin: wa ke da ciwon ƙafa a gangarar nan, wa ke buƙatar kemis, gidan wa ruwa ke shiga.

Hafiza ta zauna kan turmi.

"Ko da haka ne, Baba ba zai yarda ba. Zai ce ni na ƙulla don in faranta mashi. Ya ce kalma ɗaya daga bakinta."

"Ba ta faɗin sunanai ko za a yanka ta."

"To kin gani."

"Amma tana kallon silima. Ba kunya tsakaninta da silima."

Ta ɗago ta dube ni. "Ke 'yar ƙauye, ashe kina magana."

A gidan Inna wuri ɗaya sabis ke kamawa, bayan rumbu, gindin zogale. Nan Hafiza ta tsaya ta kira shi, ta buɗe muryar wayar don in ji. Ta ce tsohuwa na son ganin Mai Zaki da coci mai agogo, ko zai fita gobe da hantsi ya nuna mata a bidiyo.

Kawu ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Silima take tambaya."

"E, Baba."

"To. Silima ta fi ni sa'a. Zan fita."

Washegari Lahadi. Na gaya ma Inna za a nuna mata Badun a waya. Ba ta tambayi wa zai riƙe wayar ba. Ta ce in ɗauko mata mayafinta na sallah, ta sa na shafa mata kwalli. Ni da Hafiza munka kama ta, a hankali, har gindin zogale, munka zaunar da ita kan kujera 'yar tsugunne. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, Inna ta ce mata ba biki ake ba, ta koma.

Wayar ta yi ta juyi, sai ga titi. Motoci, 'yan acaɓa, rufin kwano masu tsatsa har iyakar gani. Kawu ya juya kamarar waje, ba a ganinsa, sai numfashinsa da ƙarar sandarsa. Ya tsaya gaban wani dogon gini mai ruwan madara, kiɗa na tashi daga ciki.

Inna ta matso da fuska har hancinta na taɓa gilashin.

"Ita ta. Ga ramin da ake saida tikiti can, sun toshe. Hafiza, ce ma mai riƙe da wayar shi ɗaga sama kaɗan."

Kafin Hafiza ta buɗe baki hoton ya ɗaga.

"Nan zakin yake. Nan ƙasa kuma masu tsire, da wani Banufe mai saida rake. In an tashi kallo, hanya ba ta biyuwa." Ta yi murmushi. "To a wuce. A bi ta inuwa, rana ta yi."

Hoton ya koma gefen inuwa.

Ta nuna mana inda kowane maƙeri ke zama, da wanda ya yi mata 'yan kunne ya cuce ta da jan ƙarfe. Da Kawu ya kai coci mai agogo an fara fitowa, mata da manyan ɗankwalaye da fararen leshi, yara na guje-guje. Ya ɗaga wayar ya nuna hasumiya da agogon da ya tsaya, ya juya zai wuce.

"A tsaya," in ji Inna. "A koma jikin bangon can, inda mai lemu take."

Hoton ya koma. Bango ne kawai, tsoho, da takardun talla manne.

Inna ta gyara mayafi. Ba wayar take kallo ba yanzu, ni take kallo, kamar muna ɓarar gyaɗa.

"Raliya, akwai wata mata da na sani, 'yar ƙasarmu. Ranar Lahadi ta, kamar yau. Ta fito sayen kanwa da tsohon ciki, mijinta ya tafi daji sayen goro. Daidai wanga bango abin yak kama ta. Ƙararrawa na bugawa, mutane na fitowa. Ba ta jin yarensu, ba su jin nata. Sai matan cocin sunka kore maza, sunka kwance mayafansu sunka zagaye ta, sunka yi mata ɗaki a bakin titi. Wata Iya Bose, mai saida gawayi, ita ta karɓi haihuwar da kayan cocinta a jiki."

Ƙarar sandar Kawu ta tsaya tun tuni. Sai hayaniyar titi.

"Yaron ya fito bai yi kuka ba. Iya Bose ta juya shi, ta buga, ta hura mai baki. Shiru. To matar nan an yi mata tarbiyya, ta san ba a duban ɗan fari, ba a nuna an damu. Sai ta manta. Ta fizge shi gaban mutane ta rungume, tana kiran Allah da ƙarfi, su kuma suna kiran nasu. Can sai yat tsala kuka." Ta share gefen baki da mayafi. "Ba wanda yas san ta a garin. Ba surukai, ba dangi. Sai ta ci gaba da mantawa. Duk inda za ta, shina bayanta. In an fara waƙa a Mai Zaki ta fito da shi bakin bango tana yi mai rawa. Har suna take kiranai, ba mai ji."

Hafiza ta sa hannu ta rufe baki. Na karɓi wayar daga ɗaya hannun nata na riƙe.

"A gangara," in ji Inna. "A hankali. Simintin nan ban yarda da shi ba."

Ya gangara a hankali. Muna jin sanda, muna jin numfashi. Ga kemis, ga lambatu da katako a kai. Sai ga wani guntun siminti kamar turmi, wata mata zaune gefensa tana fifita masara.

Ya tsaya. Ya san nan ne, ko da ba a gaya mashi ba.

Na jira in ji "sai gidaje". Inna ta daɗe tana kallon guntun simintin.

"Ranar da za su koma gida, mota na jira can sama. Ta kawo shi nan ta wanke mai fuska da ƙafa, don ya sha wasa cikin ƙasa. Matar yayan mijinta ta zo ta kama hannunai. Dangi sun zo rakiya, ido ya yi yawa, kunya ta dawo. Nan tat tsaya. Su kuma sunka shiga cikin gidaje."

Hoton ya yi ƙasa, ya nuna takalmi da ƙafa ɗaya naɗe da bandeji. Kawu ya zauna kan kututturen famfon. Mai masara ta yi mashi magana da Yarbanci, bai amsa ba.

Da ya yi magana muryarsa ta dushe.

"Hafiza. Tambaye ta, matar nan, zanen da ta ɗaura ran nan shuɗi ne?"

Inna ta dube ni. "Saƙi na, baƙi mai ratsin fari. Mutanen Badun ba su riƙe abu."

Sai munka ji ya yi dariya, irin wadda ke fita tare da majina. Hoton ya juya, sai ga fuskarsa cike da wayar: furfura, tabarau, hanci irin na Inna sak.

Inna ta kawar da kai wajen rumbu, da sauri kamar yarinya. Amma hannunta ya kama wuyan hannuna, wanda ke riƙe da wayar, ta matse, ba ta bari in sauke ba. Ta gefen mayafi take kallo.

"Raliya, gero ya nuna," ta ce ma rumbun. "In akwai mai son tumu, shi zo tun ba a yanke ba. Ni ba ni aika ma kowa tumu a mota."

Kawu ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga.

"Hafiza, in mutum ya sauka Tambuwal, har yanzu a tsohuwar tasha ake samun motar Kebbe?"

"Zan zo in tare ka, Baba."

Sabis ya ɗauke daga nan. Inna ta saki hannuna, ta ce mun bar ta cikin rana kamar shanya, mu maida ta ɗaki.

Kafin ya zo ta hana kowa sakat. Ta sa an share ɗakin zaure, an sake shafe shi. Ta sa an cire dutsen da ke bakin ƙofa, wai yana tuntuɓe da mutane, dutsen da ya fi ni daɗewa a gidan. Ta aike ni wurin mai kemis in tambayo abin da masu ciwon suga ba su ci, ta ce wata ƙawarta ce ke son sani.

Ranar kasuwa sunka iso, shi da Hafiza da mamarta. Ya shigo yana dogara sanda, ya durƙusa bakin ƙofar Inna da ƙyar, ƙafar a miƙe.

"Inna, mun same ku lafiya?"

Inna ta juya fuska bango.

"Raliya, kaji."

Na dubi maman Hafiza. Ita ma ni take kallo, tana danne dariya, don Hafiza ta gaya mata komai a hanya. Kawu ya gyara zama nan bakin ƙofar, ya jingina da bango, ya ajiye sandarsa kamar wanda ba shi da niyyar tashi. Na kawo tumun da Inna ta sa na gasa tun da hantsi, ta kuma sa na sake gasa wani don na farko ya huce. Ya murza a tafin hannu, ya hure, ya watsa a baki.

Inna ta miƙa hannu ta jawo maman Hafiza kan tabarmarta.

"Zo nan, ɗiyata. Iya Bose mai gawayi, ta bar zuriya a unguwar?"

"Jikarta ce mai gasa masara a famfo, Mama."

"To ki ba ni labarinta. Ki ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Kunnen Inna lafiyarsa lau. Daga bakin ƙofa Kawu ya ce ba jika ba ce, ɗiyar ƙanenta ce. Inna ta ce ma bango ba a tambayi masu cin tumu ba. Ya miƙo mani faifan ya ce in ƙaro.